Minti Ashirin Tsakanina da Yaya

Mu biyu muka zo duniya, rana ɗaya, ciki ɗaya, tabarma ɗaya. Sai dai ƙofar ba ta ɗaukar mutum biyu a tare, dole ɗaya ta riga ɗaya, kuma Yayata ce ta riga. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu labari cewa ladan na ɗaga murya da kiran la'asar aka ji kukan Yaya, ni kuwa sai da maza suka sallame, suka fito suna laluben takalmansu, sannan na ga damar fitowa. Ɗan tsakanin ke nan, daga kiran salla zuwa sallamewa. 'Yan bokon gidanmu sun auna sun ce bai wuce minti ashirin ba. Minti ashirin ɗin nan aka naɗa wa gammo aka ɗora mini a ka, na ɗauka shekara saba'in da 'yan kai, ban sami inda zan sauke ba.

Ba don cinyar kaza nake faɗa ba, ko da yake ita ma Yaya ke ci. Ba don gaisuwa ba, ko da yake ni ke fara gaishe ta. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne wankan fari. A zuriyarmu, idan aka haihu, macen da ta fi kowa girma a dangi ita ke yi wa jariri wankansa na farko a gida. Ita za ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, a ɗora mata shi, ta shafe shi da man ja, ta cuɗa, ta miƙe masa gaɓoɓi, ta tofa masa addu'a a tsakar ka, mata su rangaɗa guɗa. Tun da gwaggonmu ta rasu girman ya faɗo kanmu. Na ce kanmu, amma kan Yaya ya faɗo. Yara ma Hajiya Babba suke kiranta, ni kuwa Kaka kawai. Jikokina tara, jinina, ba aro ba, duk a cinyarta aka wanke su. Ni nawa aikin hura gawayi da dafa ruwa da surka shi, in tsaya a gefe ina kallo.

Rayuwa ma ta raba mana hanya. Maigidana magini ne, ya kawo ni Kurudu tun ana noman doya a inda yanzu aka jera gidaje, tun Abuja tana ramuka da ƙarafa. Inda ya dasa ni nan na yi saiwa. Ya rasu ya bar ni a gidan, ga ni nan har yau, in ba biki ko rasuwa ba ba na wuce Karu. Yaya kuwa tun tana da ƙuruciya ƙafarta ba ta san zama ba. Fataucin atamfa ta kama, Kano zuwa nan, nan zuwa Kano, a cikin manyan motoci, shekara talatin. Da hannunta ya yi ƙarfi ta koma hawan jirgin sama. Sai da gwiwa ta ƙi sannan ta zauna a Mararaba, ta buɗe shago a bakin titi, tana kan kujera tana nuna wa mutane abin yi da sandarta.

To, ana nan, babbar jikata da ke gidan aure ta sami ciki, cikin fari, ta dawo gidana goyon ciki. Wannan kuma ba jika ba ne, tattaɓa-kunne ne, na farko da Allah zai nuna mini. Duk sanda na dubi cikin nan sai murna da baƙin ciki su haɗu mini a ƙirji, domin na san wadda za ta miƙe ƙafa a tabarma, na kuma san wadda za ta hura wuta.

A kwanakin ne ƙanwarta, mai karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu. Wani darasi ne ya kayar da ita, za ta sake zama jarrabawarsa. Da hantsi nakan zauna gindin mangwaro ina tsinkar zogale, ita tana gefe da littafi tana ta tsaki kamar tsaka.

Na ce, “Ke 'yar nan, tsakin ya isa. Littafin ya zage ki ne?”

“Kaka, bar ni. Abu ne ya ƙi shiga kaina.”

“In ya ƙi shiga naki, kawo shi nan. Nawa babu boko a ciki, akwai wuri.”

Ta yi dariya ta gyara zama. “To tsohuwa, riƙe. An ce agogon da ke tafiya da gudu ya fi agogon da ke zaune jinkiri.”

Na ce mata wannan ai ba sai an je jami'a ba. Girgizar hanya ce ke lalata shi, agogon kakanku ma haka babur ya kashe shi.

“Ba lalacewa ba ce, Kaka. Lokacin ne da kansa. Bugun zuciyar mai tafiyar, fitowar furfurarsa, dahuwar shinkafar da ya ɗora, komai nasa. Ga misali ma a nan. Tagwaye ne, ɗaya ya zauna a gida, ɗaya ya yi tafiya da gudu mai tsanani ya dawo. In suka haɗu, na gidan ya fi ɗan'uwansa tsufa.”

Faifan zogale ya zame daga cinyata. Kaji suka taru a kai, ban kore su ba.

Na ce, “Maimaita.”

Ta maimaita.

“Na gida ya girmi matafiyi?”

“Haka lissafi ya nuna. An ma gwada da agogo an gani.”

Na sunkuya ina tattara ganye, zuciyata kuwa tana kan hanyar Kano, tana ƙirga shekara talatin na Yaya a cikin mota, da nawa shekarun a gindin mangwaron nan.

Sai dai na san Yaya. Ba a zuwa mata da magana rabin dahuwa, bakinta reza ne, kafin ka rufe naka ta yanka ka. In zan kai mata zancen nan, dole in riƙe shi da hannu biyu, in san kansa in san gindinsa. Don haka na ce wa yarinyar ta koya mini. Ta ɗauka wasa nake. Na ce ba wasa ba ne, ki koya mini kamar yadda na koya miki tuƙa tuwo.

Rana ta farko ta ɗauko takarda ta zana wata alama mai kama da ƙugiyar mahauta, da wasu lambobi da suka fake a ƙarƙashin rumfa. Tana nunawa da biro tana Turanci, tana dawowa Hausa, tana komawa Turanci. Na ce ke, ni ban shiga aji ba, sunana ma a takarda da babban yatsa nake sa shi, ki yi mini magana irin ta mutane. Ta ce ai haka aka koya musu. Na ce shi ya sa kika faɗi. Ta tattara takardunta ta shige ɗaki, muka tashi baram-baram.

Rana ta biyu ta huce ta dawo. Ta ce in ɗauka akwai madubi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, haske yana tsalle a tsakaninsu, kowane zuwa da dawowa bugu ɗaya ne na agogo. Sai a sa agogon nan a mota. Na yi ta ƙoƙari in gani, ban gani ba. Ni madubina ɗaya ne, kuma ban taɓa ganin haske na tsalle ba. Muna cikin haka sai ga ƙarar daka daga gidan maƙwabciyata, wata 'yar Filato da mijinta ke aikin gadi a cikin gari. Katangarmu gajeriya ce. Tana dakan masara, tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, irin yadda muke yi muna 'yan mata.

Na ce, “Kamar wancan? Sama, ƙasa, bugu ɗaya?”

Yarinyar ta miƙe tsaye. “Yawwa, Kaka! To a ɗauke ta ita da turminta a ɗora a bayan babbar mota, mota na gudu. A idonta taɓarya sama take zuwa a miƙe, ta dawo hannunta a miƙe. Ke kuma kina tsaye a bakin titi. Me za ki gani?”

Na rufe ido, na ga motar. Kafin taɓarya ta sauko mota ta yi gaba, hannun da zai cafe ma ya yi gaba. Na ce, “A karkace take tafiya. Ta hau a karkace, ta sauko a karkace.”

“Wace hanya ta fi tsawo, miƙaƙƙiya ko karkatacciya?”

“Karkatacciya mana. Ni za ki koya wa hanya?”

“To ita taɓarya tana aron gudun mota ta ƙara a kan nata, shi ya sa take cinye doguwar hanyar ba ta makara ba. Haske ba ya aro. Gudunsa ɗaya ne a wurin kowa, na cikin mota da na bakin titi. Ba a ƙara masa, ba a rage masa.”

Na ce wane irin taurin kai ne wannan. Ta ce haka Allah ya halicce shi, an auna an sake aunawa. Na ce to, in haka Allah ya halicce shi babu gardama. Hanya ta ƙara tsawo, gudu bai ƙaru ba, ai dole a daɗe kafin a isa. Ashe ni da ke bakin titi zan ga kowane bugu na agogon motar nan yana jan ƙafa, nawa ya buga uku nata bai cika uku ba. Abin ya shiga kaina ya zauna daram. Ranar har ƙarin tuwo na yi.

Rana ta uku ta rushe mini shi. Ina murnata sai ta ce, “Amma Kaka, ita ma ta cikin motar, in ta leƙo ta gan ki kina daka a bakin titi, taki taɓaryar za ta gani a karkace. A wurinta ita ce a zaune, ke ce kike wucewa baya da gudu. A wurinta naki agogon ne mai jinkiri.”

Na ajiye abin da ke hannuna. “Wato ni in ce nata, ita ta ce nawa?”

“E.”

“Wannan ai faɗan maƙwabta ne, kowace na cewa ɗan waccan ne ya fara. Shi aka tura ki jami'a ki koyo? To wa ke da gaskiya?”

“Dukansu.”

“Ke, ki kiyaye ni. Ba a taɓa shari'a alƙali ya ce dukanku kun ci ba.”

Ta sa hannu biyu ta dafe kai. Ta ce daidai wurin nan ne ya kayar da ita a jarrabawa. Ga abu na riƙe jiya, yau ya sulɓe kamar tarwaɗa. Ranar sau biyu na zuba gishiri a miya, mai ciki ta ɗanɗana ta ture kwano.

Kwana biyu tana fama da littafin nan. A na uku ta same ni na idar da walaha, tasbaha a hannuna, ta durƙusa kusa da darduma.

“Kaka, na ga inda na ɓata. Ina ta neman agogo guda wanda zai yi wa kowa hukunci, ashe babu shi. Kowa da nasa lokacin, wanda agogon da ke ɗaure a hannunsa ya ƙirga masa. Shi ake ce wa lokacin kai. Kuma babu mai jin nasa ya yi jinkiri, kowa daidai yake jin nasa.”

Na dubi tasbahar hannuna. Na ce, “Kamar kowa na jan tasa? Daga sanda suka yi sallama a bakin ƙofa har sanda suka sake haɗuwa?”

“Haka. Muddin suna nesa da juna, ɗaya na wuce ɗaya, kowace maganarta daidai ce a wurinta. Amma ranar da suka haɗu suka ajiye tasbahohin a tabarma ɗaya, amsa ɗaya ce, babu gardama. Domin ba daidai suke ba. Ɗaya ba ta motsa ba. Ɗaya kuwa ta tafi, ta taka birki, ta juya, ta dawo. Wadda ta juya ita ke da ƙarancin ƙwaya. Wadda ta zauna, ita ta fi tarawa.”

Wadda ta zauna ita ta fi tarawa. Sau uku na maimaita shi a raina. Shekara da shekaru ana nuna mini cewa zama bai ba ni komai ba, ashe ina zaune ina tarawa. Na sa ta tambaye ni, na amsa. Na juya ni na tambaye ta, ta amsa. Abu ɗaya ne ban tambaya ba. Ban ce nawa ba. Ni ba 'yar kasuwa ba ce, na ji an ce na fi, sai na tsaya a nan.

Ranar Laraba da safe na ɗaura zanena na fita kunya, na yafa babban mayafi, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Karu, na shiga bas zuwa Mararaba. Ban gaya wa kowa abin da zai kai ni ba. Na tarar da Yaya a shago da ƙawayenta biyu, Zazzagawa masu sayar da leshi, ana shan fura.

Tana ganina ta ce, “A'a, autar Inna! Yau kuma wa ya tumɓuke ki?”

Na sami benci na zauna. Ban gaishe ta ba, na jira.

Ta dube ni ta saman tabarau. “Gaisuwar a bas kika manta ta?”

Na ce magana ce ta kawo ni. Na jero mata ita tun daga tushe, da taɓarya da babbar mota, da hasken da ba ya aron gudu, da tasbaha biyu a tabarma ɗaya. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Zazzagawan nan suka ajiye ludayi suna kallona. Da na kai ƙarshe na ce, “Saboda haka minti ashirin ɗinki kin zubar da su a hanyar Kano. Ni na zauna, ni na tara. Ni ce babba. Wankan tattaɓa-kunnena ni zan yi.”

Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa, na shirya wa duka biyun. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta lashe ludayinta ta ce, “Nawa?”

“Nawa me?”

“Nawa na zubar? Ba a cewa an yi asara sai an ƙirga.”

Ta zaro waya ta kira yarinyar, ta buɗe murya yadda duk shagon zai ji.

“Malama mai jami'a, ga kakarki nan ta zo karɓar girma. Ta ce ke kika ba ta fatawa.”

Na ji yarinyar ta ce, “Innalillahi! Kaka, abin da kike ƙullawa ke nan?”

“Bar salati, ki ɗauko biro. Shekara talatin a mota. Nawa ya ragu a kwanana?”

Muna jin ƙarar takarda. Masu acaɓa na ta hon a waje.

“Hajiya Babba, a ce ma ba ki taɓa sauka daga motar ba, shekara talatin cur tana gudu. A ɗauki ƙiftawar ido ɗaya, a raba ta gida dubu ɗari, a ɗauki ɗaya. Kusan shi ke nan.”

“Kafin ya kai minti ashirin fa?”

“Sai kin yi sama da shekara biliyan goma kina tafiya.”

Biliyan, ni a bakin 'yan siyasa kawai nake jin ta. Na fizge wayar daga hannun Yaya. “Jirgin sama fa? Ta hau jirgi ba adadi!”

“Jirgi ya fi mota gudu, Kaka, amma shi ma in aka gwada da haske kamar a tsaye yake. Kuma akwai wata matsala. Tsayi yana ja ta ɗaya ɓangaren, agogon da ke can sama ya ɗan fi na ƙasa sauri. Wannan darasinmu na baɗi ne. Ƙila ma ƙara mata ya yi.”

“Ƙara mata?”

“Abin ba ya fitowa fili sai gudun ya kusa na haske. Da kin tambaye ni, Kaka.”

Ɗaya daga cikin Zazzagawan ta ƙware, fura ta biyo mata ta hanci. Yaya ta karɓi wayarta a hankali. Ba ta gama da ni ba.

“Tsaya, malama, saura ɗaya. A ce ma shekara goma na zubar. Na cikin mota da na bakin titi, wa za su ce ya fara fitowa daga cikin Inna?”

“Ke ce, Hajiya Babba. Abu biyu da suka faru a wuri ɗaya, wannan bayan wannan, babu gudun da zai juya su. Kowa a kan haka zai tsaya.”

Ta kashe waya ta sa a jaka. “Kin ji ko, autar Inna? Ki tara duk abin da za ki tara. Girma a bakin ƙofa aka raba shi, kina ciki kina barci.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na gane maganar. Da ban gane ba da na yi gardama. Amma na riga na san abin sarai, na san yarinyar ba ta yi ƙarya ba, na san Yaya ta kama daidai inda igiyar ta ruɓe. Ilimin da na sha wuya a kansa kwana da kwanaki, shi ya ɗaure mini baki. Da zan tafi ta sa aka ciro mini atamfa mai ruwan goro, ta ce in ɗinka in sa ranar suna, kuma in tanadi gawayi mai kyau, ban da mai hayaƙi. Na karɓa, domin atamfar mai kyau ce, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Kwana biyu ban yi wa yarinyar magana ba. Hutu ya ƙare ta koma makaranta, daga baya na ji ta ci jarrabawar. Ita ta sami sakamako, ni na sami atamfa.

Kwanci tashi, ranar wata Lahadi da yamma jikata ta sauka a asibiti, namiji. Litinin da sassafe aka sallamo su. 'Yata, uwar mai jego, ta riƙo shi a zani, gida ya cika da matan unguwa. Ƙarfe bakwai Yaya ta bugo ta ce ga ta nan a hanya, a ɗora ruwa. Na hura gawayi, ruwa ya tafasa, na surka, na shimfiɗa tabarma. Muka jira. Ruwa ya huce.

Duk wanda ya san hanyar Mararaba ran Litinin da safe ya san abin da ake ciki. Ƙarfe tara aka kira ta, ta ce suna nan inda suke, wata tirela ta gitta a gaba, ko ɗan acaɓa ba ya wucewa. Na sake hura wuta. Ruwa ya sake hucewa. Sha ɗaya aka kira, ta ce sun matsa kamar tsawon shagonta. Na hura na uku. Yaro ya fara mutsu-mutsu a cikin zani, zafi ya taso, warin asibiti bai bar jikinsa ba.

Maƙwabciyata 'yar Filato ta sa yatsa a baho ta ce, “Mama, ruwa zai sake sanyi fa. Wannan yaro ba za ta yi wanka yau ba?”

Daga kan katifa mai jego ta ɗago kai. “Kaka, don Allah ki wanke mini shi. Ni dama ke nake so.”

'Yata ta ce, “Inna, Hajiya Babba fa...”

Na ce, “Miƙo shi.”

Na zauna na miƙe ƙafafu. Aka ɗora mini shi a cinya, ɗumi, mara nauyi, kamar ƙullin alalen da aka sauke yanzu. Na yi bisimilla na shafe shi da man ja, na bi bayan kunne, na bi matsematsi, na bi tsakanin 'yan yatsu. Sau tara na ga ana yi ina tsaye, hannuna ya haddace komai bai taɓa yi ba. Na zuba ruwa a hankali daga ƙeya. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya rufe. Na miƙe masa hannuwa, na naɗe ƙafafu na saki, na tofa masa addu'a a tsakar ka. Bai yi kuka ba ko kaɗan. Na ɗago ina jiran guɗa. Matan gidanmu kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Maƙwabciyata ce kaɗai ta yi wata 'yar gajeriya irin ta garinsu, ita ma da ta ga babu mai tayawa ta haɗiye sauran.

Sai bayan azahar Yaya ta shigo, tana dogara sanda, gumi ya jiƙe mata mayafi. Ba ta zauna ba ta ce a kawo mata angonta. Ta karɓe shi, ta kai hanci kansa ta shinshina.

“Wa ya jiƙa mini yaro?”

Na ce, “Wanka na yi masa.”

“Jiƙawa dai. A ɗora ruwa.”

Duk ɗakin aka juyo ana kallona, domin kowa ya san mai ɗora ruwa. Na ce, “Ba zan ɗora ba. Gawayin nawa ne, kurfotin nawa ne. Sau uku na hura yau, ba zan hura na huɗu ba.”

Tun da aka haife mu ban taɓa ce mata a'a a gaban mutane ba. Na san Yaya rabonta da hura wuta an fi shekara ashirin, na kuma san babu macen da za ta taɓa kurfotina ina zaune. A raina na ce yau kam na tsaya, babu ruwan zafi, babu wanka na biyu.

Sai fankar silin ta yi ƙara ta fara juyawa. Kwana huɗu ba mu ga wuta ba a layinmu, sai a lokacin aka ga damar kawo ta. Yara a waje suka ɗauki ihu. 'Yata, 'yar cikina, ba ta yarda mun haɗa ido ba, ta zame ta ɗauko hita ta tsoma a bokiti. Kafin in gama gyara ɗaurin ɗankwalina ruwa ya yi zafi.

Na tashi na fita tsakar gida na zauna. Daga nan nake jin komai. Tun da aka zuba masa ruwan farko yake tsala ihu har aka gama, sannan guɗa ta tashi, doguwa, baki wajen goma, har ƙarshen layi an ji. Masu barka suka yi ta shigowa. Duk wadda ta zo wucewa ta gabana sai in ce mata, a hannuna fa bai yi kuka ba. Babu wadda ta tsaya ta ji ƙarshen maganar. Kowace sai ta ce sannu Kaka, ta cire takalmi, ta yi sauri ta shiga gaida Hajiya Babba.